Bakancen Doña Casilda

Doña Casilda ta tsufa tana sayar da tamale, wato alalar masara, a bakin kasuwar ƙauyenmu, rumfata ta barkono kuma tana jikin tata. Masifaffiya ce ta gaske, ko ƙuda ya sauka a tukunyarta sai ya sha faɗa. Gwiwarta ta dama ce kaɗai ta gagare ta. Tana cikin tafiya sai ta ƙage, ta tsaya cak a tsakiyar hanya.

Likita a birnin Zacatecas ya ce ƙullutan guringuntsi ne ke tsirowa cikin gaɓar, ba mugun ciwo ba ne. Kafin a yi mata aiki ta yi wa waliyyin ƙauyenmu bakance: in ta warke, za ta tafi a kan gwiwoyinta daga ƙofar harabar coci har bagade.

Ta warke, amma ta ce bari ƙafar ta ƙara ƙwari. Bikin waliyyi ya zo ya wuce, na gaba ma haka. Sai ƙullutan suka dawo.

"Ya gaji da jirana ne," ta ce min.

"Haba ƙawata! Likita ya ce haka ciwon yake, a cire ya sake tsirowa. Waliyyi ya rasa aikin yi ne sai zuba miki tsakuwa a gwiwa?"

"Ke dai ki ji da barkononki."

Aka sake yi mata aiki, wannan karon gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Ta rame, faɗan ma ta daina, abin ya ba ni tausayi. Fada, limamin cocinmu, ya ce ta kunna kyandir kawai, ya wadatar.

"Ba da kai na yi alkawari ba, Fada," ta ce.

Da biki ya zagayo ta durƙusa a kan gwiwar hagu, tana jan ta dama a miƙe. Ni ce mai shimfiɗa mata bargo a gaba, in ta wuce in ɗauko in sake shimfiɗawa, bayana kamar zai karye. Har aka tashi daga addu'a ba mu kai rabi ba. Mutane suka watse, mu muna nan muna ja.

Da muka isa bagade na ɗaga ta, sai na ji wani ƙullutu yana motsi a gefen gwiwar dama, ƙarƙashin hannuna. Na kalle ta.

"Na sani, tun watan jiya," ta ce, tana haki. "Amma wannan ba laifina ba ne."