Bokitin Kajin Baba Tela

Baba Tela ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan keken ɗinki, a wani ɗan shago da ke tsakanin mai faci da mai gyaran rediyo. Da keken nan ya aurar da ƙannensa, ya sa 'ya'yansa uku a makaranta. Da ido ya fara gazawa, har zare ya daina shiga allura, sai ya rufe shagon ya koma gida. Matarsa ta riga ta rasu, ta bar masa kaji a bayan ɗaki da wata tsohuwar tasa da take ba su ruwa a ciki.

Tasar nan ba ƙaramar wahala ta ba shi ba. Zai cika ta da safe, kafin hantsi kajin sun shiga da ƙafa, sun yi kashi a ciki, sun kifar. Bai taɓa ƙorafi ba. Yakan ce zakaransa ya fi 'ya'yansa zumunci, don shi dai kullum sai ya leƙo ƙofar ɗaki ya gaishe shi. Mutane su yi dariya, shi ma ya taya su.

Da likita ya ce sai an yi masa aikin ido, kuma za a kwantar da shi na 'yan kwanaki, ba wuƙar ce ta dame shi ba, ruwan kaji ne. Ya kira babban ɗansa, ɗan ya ce aiki ya yi masa yawa a ofis. 'Yarsa ta ce gidan mijinta da nisa, ga goyo. Autan bai ma ɗaga wayar ba. Maƙwabci ya ce za a duba. Baba Tela ya san irin wannan amsa, don shi ma ya sha sallamar masu ɗinki da ita.

Sai ya ɗauki sandarsa ya nufi shagon mai sayar da abincin kaji. Mai shagon ya fito masa da roba mai kifawa a kan faranti, ya ce tana da sauƙin wankewa amma ruwanta ba ya kai kwana biyu. Ya nuna masa wani dogon bututu mai 'yan kofuna, wanda sai an haɗa shi da famfo, ga shi famfon gidan Baba sai ya ga dama yake kawo ruwa. Daga ƙarshe ya sauko da bokiti mai murfi, an huda gindinsa an ɗaura wasu 'yan ƙarafa, in kaza ta taɓa da baki ruwa ya ɗigo.

"Baba, kajin naka suna da yawa ne?" in ji mai shagon.

"Ba yawansu ba ne, ɗana. Wanne ne a ciki ba ya buƙatar mutum?"

Bokitin ya saya. Ya rataye shi da waya a azarar akurkin, ya ɗauko tsohon tef ɗinsa na awo ya gwada tsayin wuyan kaza, da lalube, kamar mai awon riga. Dama mai shagon ya ce masa sai ya ɗauke tasar, ƙishi ne zai koya musu. Ya ɗauke. Yini guda kajin suna bin sa da baki buɗe, yana kama su ɗaya bayan ɗaya yana goga musu baki a jikin ƙarfen, yana ba su haƙuri. Zakaran ne na ƙarshe da ya gane, Baba ya ce dama manya sun fi taurin kai.

Aikin ido ya yi kyau. Babban ɗan ne ya je ɗauko shi da mota, yana ta fara'a a hanya. Da suka shiga gida Baba ya wuce bayan ɗaki kai tsaye, ido ɗaya a rufe da bandeji. Akurkin a share yake tas, babu kaza ko ɗaya. Bokitin na nan a rataye, ko rabin ruwansa ba a sha ba.

Ɗan ya tsaya a bayansa yana wasa da makullin mota. Ya ce likita ya hana sunkuyo da shaƙar ƙura, shi ya sa ya ga gara a hutar da Baba. Wasu ya kai gidan surukansa, sauran an gyara an raba wa ƙannensa, rabon Baba ma yana firij.

Baba Tela ya dubi bokitin. Can ya ce, "Ashe ka samu lokacin zuwa."

Bai ci naman ba, bai kuma sake kiwo ba. Da 'yarsa ta zo dubiya ta sauke bokitin, ta ce zai yi mata amfani wajen wanki. Ta cire ƙarafan, ta tara shi a famfo, ruwa ya bi hujojin ya jiƙa mata zane. Ta yi tsaki ta jefa shi bayan akurkin. Baba yana zaune a ƙofar ɗaki yana kallo da sabon idonsa, wanda yanzu yake ganin komai sarai.