Jika da Ranar Jarrabawar Likita

Jika ɗan wanzami ne daga Gangara. Shekarar da Nasara suka ce kowane mai gari ya ba da yaran da za a kai lakwal, makarantar boko, a Damagaram, mai garinsu ya ɓoye nasa ya miƙa Jika. Tun daga nan ubansa, Gajere, bai ƙara yarda da wata magana da ta fito daga bariki ba.

Jika ya dawo ƙasarsu Damargu da Faransanci a bakinsa. Aka sa shi ɗakin magani na Tanut, yana wanke gyambo, yana bin anfirme, wato malamin asibiti, ƙauye-ƙauye lokacin lambar agana. Wata rana likitan soja ya zo rangadi, ya tarar da shi yana ɗaure ƙafar wani Buzu da raƙumi ya taka. Ya tsaya ya duba ɗaurin, ya ce masa akwai jarrabawa a Damagaram. Wanda ya ci ya zama anfirme, wanda ya yi fice kuma ana iya tura shi Dakar karatun likita. Ranar ce ba a tsayar ba, sai likita ya samu sarari. Za a aiko.

To, duk saƙon da ya shigo barikin Tanut ta bakin tafinta Lawali yake fita. Lawali mutum ne mai fara'a, kuma matarsa tana da ƙane, Mato, wanda shi ma yake neman jarrabawar.

Karon farko Lawali ya ce bayan kaka ne. Jika ya bar hatsinsa a gona, ya bi ayari har Damagaram. Ya isa aka ce sanƙarau ya ɓarke a arewa, likita ya tafi can, ba wanda ya san ranar dawowarsa. A hanyar komawa ne ya tuna cewa bai ga Mato ya ko ɗaura kaya ba. Wa ya gaya wa Mato kada ya wahalar da ƙafarsa?

Karo na biyu aka sa bazara. Jika yana rijiyoyin Tenhya yana yi wa Fulani lamba aka matso da ranar, don likita zai koma ƙasarsu. Kafin Jika ya dawo an gama. Lawali ya rantse ya aika gardi, dogarin bariki, ya gaya masa. Gardin ya ce ya je bai same shi ba, amma da Jika ya tambaye shi wace rijiya ya je, sai ya kama kame-kame. Mato ya je jarrabawar ya faɗi, hakan bai sanyaya zuciyar Jika ba.

Daga nan halinsa ya sake. Ya daina cin tuwon gidan Lawali. Duk ayarin da ya sauka daga kudu sai ya je ya tsare madugu da tambayar ko likita yana gari. In mutum biyu suna magana suka yi shiru da shigowarsa, ya kwana yana juya abin. Matarsa Hawa ta ce masa, in ya ci gaba a haka, wata rana ita ma zai ce tafinta ne ya aiko ta.

Ana nan gwamna ya tashi daga Damagaram ya koma Yamai, aka fara raɗe-raɗin jarrabawar ma can za ta koma. Jika ya kusa cire rai, sai ga Lawali da kansa a ƙofar gidansa. Ya ce sabon likita zai zo Tanut tare da masu ɗaukar soja, kuma a nan zai yi jarrabawar, ba sai an je ko'ina ba.

Jika ya yi godiya, amma abin bai kwanta masa ba. Mutumin da ya sa ya rasa sau biyu, me ya sa yau ya tako da ƙafarsa? Ya hau jaki ya tafi Gangara ya gaya wa ubansa. Gajere ya tambaye shi:

“Likitan da zai tambaye ka, ba shi ne zai buɗe bakin samari ya duba haƙoransu ba?”

“Shi ne, Baba.”

“To, ɗana, wanda ya shiga wannan rumfa da ƙafarsa, ba ya fita da rigar da ya shiga da ita.”

Ana gobe masu ɗaukar soja za su iso, Jika ya aika bariki cewa zazzaɓi ya kama shi, ya tafi wurin dangin Hawa a Ollelewa ya lafe.

An yi jarrabawar. Mutum biyu suka zauna, Mato da wani Ila ɗan Tanut, duka suka ci. Ila aka kai shi asibitin Damagaram da farar riga. Mato kuwa kayan soja aka ba shi, aka haɗa shi da sojan raƙuma a matsayin anfirmensu, suka nufi Bilma. Matar Lawali ta yi kuka har muryarta ta dushe. Gajere ya ce ga abin da ya faɗa. Hawa ta ce a dubi Ila.

Jika ya tare Lawali a kasuwa, ya tambaye shi ko ya san za a ɗauki ɗaya soja.

“Malam Jika, da na sani, ƙanen matata zan tura?”

Jika ya dubi idonsa, bai ga ƙarya ba, bai kuma yarda ba. Ya ce a ransa wataƙila shi aka haƙa wa ramin, Mato ya faɗa.

Da aka sake sanya rana, an ƙayyade shekarun masu shiga, Jika kuma ya wuce su. Bai daɗe ba ya bar ɗakin magani ya koma Belbeji da iyalinsa, ya share gona, yana sayen fata da rani. Ya aurar da ƴaƴansa mata a can. Maƙwabta sun san shi da kirki, sai dai in ka ce masa kasuwa gobe za ta ci, zai tambayi wani kafin ya ɗaure jakinsa. Da labarin rasuwar Lawali ya iso, ya yi tattaki har Tanut ya yi gaisuwa. An kawo fura, ya ce yana azumi.