Tauraron da Nake Aikawa Agadas

Shekarar da ɗiyarmu ta auta ta haifi tagwaye a Agadas, tsohuwata, wato uwargidana, ta ɗaure kayanta ta tafi yi mata wankan jego. Ta ce da an yi arba'in za ta dawo. Arba'in ta zo ta wuce, mai jegon ba ta murmure ba, sai zaman ya miƙe. Aka yi girbin hatsi ba ta nan, ganyen bishiyoyi ya kaɗe ba ta nan.

Ni dillalin awaki ne a kasuwar Dakoro. Da bakin nan na ci abinci duk rayuwata. Na taɓa sayar wa wani mutumin Kornaka akuya mai tari, na ce masa kiran sallah take koyo. Amma in buɗe bakin nan in ce wa matar da muka tsufa tare, ki dawo, gidan ya yi mini girma, wannan kam ya gagare ni. Haka muka tashi. Ko sunanta ban taɓa kira ba, sai dai "ke". Kuma dattijo ba ya kiran matarsa a salula sai da dalili: an yi rasuwa, an yi haihuwa, ina kika aje mabuɗin akwati. Mabuɗin nan na tambaye shi har sai da ta ce in sa masa igiya in rataya a wuya.

Maƙwabcina tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makarantar boko. Wata rana mun fito sallar magariba, na gan shi yana ɗaga salula sama yana juyi kamar mai neman rezo. Na tambaye shi lafiya. Ya nuna mini wani tauraro mai haske yana tafiya a hankali, ba ya ƙyaftawa. Ya ce satalit ne, mutane suka harba shi, akwai kuma aplikasiyon da ke faɗin lokacin wucewarsa. Ya saka mini a tawa. Zaman da na yi a lakwal bai kai tsawon azumi ba, saboda haka faransancin da ke ciki ni da shi sai kallo. Amma akwai kibiya, ita kuwa ko jaki ya bi ta. Salula ta yi ƙara, ka juya inda kibiyar ta nuna, ka jira.

Ya nuna mini layin da yake bi a kan taswira, daga kanmu ya yi arewa.

"Mushe, ke nan ana ganinsa a Agadas?"

"In ya bi ta can, kusan tare da mu."

Na dai samu dalili.

Washegari da ƙarar ta tashi, na kira ta.

"Ke, fito waje."

"Lafiya? Wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu. Baƙo na aiko miki, yanzu ya ƙetare saman gidan liman. Dubi kudu."

"Malam, tsufa ne ko wani abu ka fara sha?"

Duk da haka na ji ƙarar silifas ɗinta a kan rairayi, da kukan jariri a bayanta. Sai ta yi salati.

"Ga shi nan kuwa! Tafiya yake kamar wanda aka aika."

Daga ranar, duk maraicen da zai wuce sai na kira. Tauraron ba ya daɗewa, kafin shayi ya huce ya ɓace, amma ba mai kashe salula. Ta tambayi jar akuyarta, ta tambayi ko ina shan maganin hawan jini, ni kuma in kai ƙarar tuwon matar ɗanmu, wanda in ka jefi kare da shi sai an biya diyya. Har sallahu nake ba tauraron.

"Ki duba da kyau, na ba shi kilishi ya kawo miki."

"Dillali ne irinka, ya cinye a hanya."

Kwatsam sai salula ta daina ƙara da magariba. Mushe ya ce haka abin yake, yakan sauya lokaci, sai an yi haƙuri. Akwai waɗansu ƙanana da kibiyar ke nunawa, amma idona bai kai gare su ba, balle nata. Na koma zama a tsakar gida ina kallon turminta a kife. Mushe ya ce in kira kawai in gaishe ta. Na ce masa wannan aikin ƴan boko ne.

Da abin ya ishe ni, wani maraice na kira.

"Fito, ga shi nan zuwa."

Babu abin da ke zuwa. Na ji ta fito. Ina jin numfashinta, ina shirya abin da zan ce in ta ce ba ta ga komai ba. Ƙila in ce gajimare ne, ko da yake rani ake ciki.

"Na gan shi," in ji ta.

"Kin gan shi?"

"Fes. Yau ma ya fi kullum haske."

Na ɗaga kai na dube sama kaf, ba komai sai tsofaffin taurarin Allah, kowane yana inda yake.

"Malam, surukinka ya saka mini irin abin naka a salulata tun watan jiya. Ita ma tana ƙara."

Ta yi dariya ƙasa-ƙasa don kada yara su ji.

"Tagwaye sun fara zama," ta ce. "Da sun fara rarrafe, ka sa a share mini ɗaki."

Da safe na tare Bafulatanar da ke kawo mana nono, na tambaye ta tsakanin zama da rarrafe wata nawa ne. Ta ce wani yaron da wuri, wani sai ya ga dama. Na haifi ƴaƴa, na ga jikoki, ban taɓa lura da wannan ba. Ɗakin dai na sa an share shi a ranar, kuma tun daga lokacin ban yi sallah na tashi ba tare da na roƙa wa yaran nan ƙarfin gwiwa ba.