Daga Arlit zuwa Yamai da biye mai sunan gida

Arlit, Asabar

Kar ɗinmu, babbar motar fasinja, ya bar tasha bayan sallar asuba, muna daf da shingen fita gari, sai saƙo ya shigo wayata daga Tunis. Biyen jirgi ne, wato tikitin da na yi sati ina jira. Na buɗe ina murna, na duba rana, daren Talata daga Yamai. Na duba suna. Uwani Idrissa.

Na zaro fasfo daga cikin jakar da Inna ta ɗinke mini a gefen zane, na buɗe, kamar ban san abin da ke ciki ba. Rakiatou Idrissa.

Ga waɗanda ba su san gidanmu ba: asalinmu Damagaram ne, sunan mahaifiyar Baba aka sa mini. Ta rasu kafin a haife ni. Baba ba ya faɗin sunan, Inna ma ba ta faɗin sunan surukarta, don haka duk Akokan, inda muke zaune a gefen Arlit, Uwani aka sani. Malaman lakwal, wato makarantar boko, su ne kawai suke kirana Rakiya, su ma sai sun kira sau biyu nake waiwayawa. Baba kuwa wata bakwai ke nan yana Tunis yana jinyar ƙirji. Ranar Alhamis za a yi masa aiki, ya ce ni yake so ya gani kafin a shiga da shi.

Na danna lambar Malam Habu, ɗan Nijar ɗin da ke yi wa majinyata tafinta a can, shi ne ya sayi biyen. Ta yi ƙara sau ɗaya, rezo ya ɗauke.

Hanyar Agadas

Wanda ya san hanyar nan ya san kwalta ta daɗe da cinyewa. Direba yakan sauka gefe ya bi rairayi, kar ɗin ya yi ta jijjiga har haƙoran mutum su haɗu. Mun yi kiciɓis da motar ma'aikatan ma'adini tana komawa gari, ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Irin ta Baba ya tuƙa shekara da shekaru kafin a rufe ramin ma'adinin Akokan. In ya zo wucewa ta layinmu da sassafe yakan danna oda sau biyu, gajeru, Inna ta ce, "Ga mahaukacin naku nan, zai tayar da unguwa." Ni kuma in leƙa ta kan katanga da buta a hannu.

Wadda ke zaune kusa da ni wata Hajiya ce ƴar Tawa, mai sayar da atamfa a kasuwar Arlit. Ta daɗe tana kallona ta gefen ido.

"Ke ɗiyata, mi ya same ki? Miji kika baro?"

Na nuna mata waya da fasfo, na gaya mata komai. Ta riƙe haɓa.

"Wayyo. To shi tsohon, ai ba shi iya hwaɗi. Ni nan da kike gani, ɗana na fari har ya yi gemu ban taɓa kiran sunanshi ba. Amma su mutanen jirgi ina ruwansu da kunyarmu?"

"Hajiya, za su bar ni in shiga?"

"Ni Makka kaɗai na tahi, ita ma a garke aka kore mu kamar tumaki. Ci dabino, kuka ba shi kawo rezo."

A shingen jandarmomi aka sauke mu duka, kowa da katinsa a hannu. Jandarman ya duba nawa, ya ɗaga kai ya ce, "Rakiatou?" Na tsaya ina dube-dube ko da wata yake. Sai da Hajiya ta zungure ni da gwiwar hannu na ce, "Na'am." Ya yi mini wani irin kallo kafin ya miƙo katin. Na koma mota. Na ce a raina, in a nan cikin daji haka ne, ina ga filin jirgi?

Agadas

Mun shiga bayan azahar. Tun kafin in sauka na sake kiran Malam Habu. Da na faɗa masa, ya yi salati har sau biyu.

"Wallahi na ce wa Babanki a turo hoton fasfo. Ya ce shi za a koya wa sunan ƴarsa? Na ce to, mene ne sunan? Ya ce Uwani. Ni ina zan sani?"

Ya ce ajans ɗin, wato ofishin da ya sayi biyen a can, ta rufe tun tsakar rana, ba za ta buɗe ba sai Litinin. Ya ce in ci gaba da tafiya, in tura masa hoton fasfon. Na roƙe shi kada ya gaya wa Baba. Ya ce ai a bakin gadonsa yake tsaye, Baba ya riga ya ji. Ya miƙa masa wayar.

Muryar Baba ta zo a hankali, yana tsayawa yana jan numfashi.

"Uwani. Na ɓata miki hanya ko?"

"A'a Baba, za a gyara."

"Ya tambaye ni, na buɗe baki, abin ya ƙi fita. Kin ci abinci?"

Na ce na ci. Ban ci ba. Da muka gama Hajiya ta ja ni wajen wata mai shinkafa da wake a bakin tasha, ta tsaya a kaina sai da na cinye. A rumfar mata ta tashar muka kwana, kan tabarmi, kowa ya yi matashi da jakarsa.

Agadas zuwa Yamai, Lahadi

Wannan ita ce doguwar hanya, ni kuwa ban taɓa wuce Agadas ba. Abalak, Tawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso: sunayen da muka haddace a aji ne, yau ga su suna wucewa ta taga, na kasa ganin komai a cikinsu. Abin da nake gani kawai shi ne ranar da aka tafi da Baba, yana cikin babbar rigarsa da ta yi masa yawa, yana ce wa Inna kada a bar kurnar tsakar gida ta bushe. Wata bakwai ina zuba mata ruwan wanke-wanke, ina ɗaukar hotonta ina tura masa.

A Tawa Hajiya ta sauka. Ta cusa mini kilishi a jaka, ta kama kunnena kamar ƴarta.

"In kin je ofishin, kada ki sunkuyar da kai. Ku ɗiyan Damagaram kun cika kunya, ga inda ta kai ku."

Da ta tafi kujerar ta yi mini faɗi. Mun isa Yamai gari ya daɗe da yin shiru, Kawu Sale, ƙanen Inna, yana jirana a tasha da babur.

Yamai, Litinin

Da safe Kawu ya kai ni ofishin kamfanin jirgin, ya wuce aikinsa. Sanyin ɗakin ya sa na ƙara takurewa. Matar da ke kan tebur ta karɓi fasfo, ta duba allonta, ta dube ni. Da ta ji Faransancina yana sarƙewa sai ta juya Hausa.

"Ƙanwata, da harafi ɗaya ne ko biyu, nan take zan gyara miki. Wannan kuwa a wurinmu mutum biyu ne. Wace ce Uwani?"

"Ni ce."

"Rakiatou fa?"

"Ni ce, Madam. Sunan kakata ne, Baba ba ya iya faɗa."

Ta cire tabarau ta yi ƴar dariya, ba ta raini ba. Ta ce ita ma a gida Iya ake ce mata. Amma ta ce ko ta so ba ta da ikon taɓa biyen, sai waɗanda suka sayar da shi. Su za su soke, su fitar da sabo da sunan fasfo. Matsalar ita ce jirgin Talata a cike yake, akwai masu jiran wani ya fasa. In aka saki kujerar, tana iya tafiya kafin a sake kamawa. Na tambaye ta jirgi na gaba. Ta ce sai Juma'a.

Juma'a. Bayan an riga an yi wa Baba aiki ke nan.

Na kira Malam Habu, yana ajans ɗin, na haɗa shi da Madam. Suka yi ta magana da Faransanci mai sauri, abin da na kama shi ne tana cewa kada su soke sai ta ce musu yanzu. Mai ajans ya ce sai shugabansa ya dawo. Madam ta nuna mini kujera a gefe. Nan na zauna. Aka yi azahar, na yi salla a bayan ofis kusa da mai gadi, na dawo. Mutane suna shiga suna fita da akwatunansu, kowa da suna guda.

Wajen ƙarfe huɗu wayar teburinta ta yi ƙara. Ta maƙale ta a kafaɗa, yatsunta a kan madannai, idonta a allo. Ta ce, "Yanzu." Na rufe ido ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji ƙarar injin buga takarda.

"Rakiatou Idrissa," in ji ta. Wannan karon da kira ɗaya na miƙe. "Gobe ki zo filin jirgi da wuri. Ba wanda zai tare ki."

Na gode wa Allah, na gode mata, na gode wa Hajiyar Tawa da ban ko tambayi sunanta ba. A bakin ƙofar ofishin na jira har Malam Habu ya koma asibiti, na kira, ya miƙa wa Baba waya.

"Baba, an gyara. Ina zuwa."

"Da wane sunan?"

"Da na fasfo."



"To," in ji shi. "Tsohuwa ce da kanta za ta zo ke nan. Habu, gobe ka nemo mini hulata. Ba a kwance zan tarbe ta ba."