Rabin Darasin da Ban Koya wa Sanusi Ba

Juma'a: daga Manfuha zuwa Ruwaida

Muna idar da sallar asuba, ƙarfe biyar saura kwata, muka bar Manfuha, unguwarmu a Riyad, ni da Laminu, wani direba ɗan Maraɗi da muke haya a bene ɗaya. Tsohuwar a-kori-kurar ubangidansa ya aro, ni kuma na ɗauki nauyin mai.

Sanusi muka fita nema. Ƙanin matata Hadiza ne, kuma tsohon ɗalibina a sakandare a Gusau, inda na koyar da tarihi shekara goma sha ɗaya kafin in zo Riyad in koma mai lura da kwalaye a wani sito a unguwar Sulay. Ni na samar masa aiki a siton. Kwana goma sha tara ke nan bai leƙo ba, sai saƙon murya guda da ya turo, wai yana jeji bayan garin Ruwaida wajen masu neman zinare, kada in damu. Ranar Alhamis kafil ɗinmu, Abu Nasir, wanda takardun zamanmu ke hannunsa, ya ce in bai ga Sanusi ba ranar Lahadi da ƙarfe takwas, zai rubuta shi hurub, wato ma'aikacin da ya gudu. Daga lokacin iƙamarsa, katin izinin zama, ta mutu. Duk inda aka tare shi kamu ne, daga nan sai gida, kuma an rufe masa ƙofar ƙasar.

Mun gangara dutsen da ke yammacin Riyad gari bai gama wayewa ba. A shingen bincike na farko aka karɓi iƙamarmu, aka dubi hoto aka dubi fuska, aka ce mu wuce. Ƙarfe bakwai muka isa Kuwai'iyya, kusan kilomita ɗari da saba'in. Mun karya da gurasar tanderu da dafaffen wake da shayi biyu, riyal goma sha ɗaya.

"Malam, mi zaka ce mishi in mun iske shi?" Laminu ya tambaya, bakinsa cike.

"Zan ce ya shiga mota."

"Ni na yi wata huɗu a Jado," ya ce, yana nufin filin zinaren arewacin ƙasarsu. "Wanda ya ji ƙarar injin neman zinaren nan sau guda, ba ya jin magana."

A Ruwaida muka yi Juma'a. Wani mai facin taya, Basudane, ya zana mana hanya da tsinke a ƙasa: mu bi kwalta minti arba'in, mu sauka kudu, mu bi sawun manyan tayoyi. Bai tambaye mu abin da za mu je yi ba.

Sansanin farko

Ƙarfe uku da rabi muka iske wurin, babu kowa. Ramuka ne sun fi hamsin, wasu tsayin mutum biyu, da murahun duwatsu, da robobin ruwa, da takalmi wari guda. Laminu ya sa hannu cikin toka ya ce ba ta fi kwana biyu ba. Labari ne ya zo cewa an samu a gaba, kowa ya naɗe tabarmarsa.

Na san wannan hoton tun daga allo. Kowace shekara nakan koya wa 'yan aji biyar yadda aka gano zinare a Afirka ta Kudu a 1886, yadda mutane suka yi ta kwarara daga Turai da Amurka da Ostireliya, wurin da ba komai sai tantuna ya zama birnin Johannesburg cikin shekara goma, layin dogo ya biyo su daga bakin teku. Ban taɓa zaton zan tsaya cikin irinsa da ƙafata ba, kuma ban ji wani daɗin ganin ba.

Rana ta yi sanyi, muka koma kwalta. Mun kwana a masaukin wani gidan mai, ɗaki riyal tamanin, da na'urar sanyi mai tari kamar tsohon mashayin taba.

Asabar: sansani na biyu

Ƙarfe shida muka sake sauka jeji, muka bi sawun waɗanda suka tashi. Sau biyu mota ta kafe a yashi, muka rage iskar taya muka tura. Goma saura minti goma muka hango rumfuna a gindin wani baƙin dutse. Mutane za su kai arba'in, 'yan Sudan da 'yan Cadi da 'yan Nijar, wasu na yawo da injin nan mai kama da faranti a bakin sanda, wasu na cikin rami. Duk suka tsaya cak da ganin baƙuwar mota, sai da Laminu ya yi musu sallama da Hausa.

Sanusi ba ya cikin masu haƙa. A ƙarƙashin rumfar buhu na same shi, gaban tukunyar shinkafa, bayansa tankin ruwa. Ya yi baƙi ya rame, amma fuskarsa a sake.

"Malam! Har nan? Yaya Hadiza ce ta turo ka, na sani."

"Abu Nasir ne. Gobe takwas zai rubuta ka hurub. Ɗauko kayanka."

Ya zuba mana shinkafa tukuna. Sannan ya zauna kan jarka ya ce, "Malam, ai kai ka koya mana. Ka ce masu haƙa kaɗan ne suka samu, masu sayar musu da ruwa da abinci su suka gina garin. Ni ko shebur ban taɓa ba. Abin da nake samu a sito a wata, nan kwana shida ne."

"Wannan rabin darasin ne."

"Ina sauran?"

Sai a lokacin na tuna. Shekarar su Sanusi ce malamai muka tafi yajin aiki a zango na uku. Da aka dawo jarrabawa ta matso, na tsallake babin na ce su karanta a gida. Babu mai littafin a ajin, kuma na sani.

Na koya masa sauran a nan, cokali a hannuna. Zinaren sama ya ƙare, na ƙasa sai mai manyan injuna, kamfanoni suka haɗiye filin. Baƙaƙen da suka zo daga Mozambik da Lesotho da sauran wurare aka zuba su a bariki, kowa da takardar fas mai ɗauke da sunan ubangidansa. Wanda ya bar aiki ba izini ya zama mai laifi, ko ruwa yake sayarwa ko rami yake tona.

Ya saurara har ƙarshe, kamar yadda yake yi a aji. Ya ce, "To ai iƙama ke nan."

"Ita ce. Shi ya sa na zo."

"Shekara huɗu ina ɗaukar kwali, Malam. Ko bulo ɗaya ban aza a Gusau ba. In na bi ka, wasu huɗun ne." Ya ciro mabuɗin akwatinsa na sito ya miƙo mini. "A mayar wa Abu Nasir da kayansa."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na kira sunan yayarsa da na 'ya'yansa biyu. Laminu yana can yana duba tayoyi. Sha biyu da rabi na haƙura. Sanusi ya rako mu da robar ruwa mai sanyi, ya dafa ƙofar mota.

"Malam, waɗanda suka yar da fas ɗin suka gudu, sun koma gida?"

"Littafin bai faɗa ba," na ce masa. Gaskiyar ke nan.

Komawa

Mun hau kwalta ƙarfe biyu. A shingen kusa da Kuwai'iyya jami'in ya leƙa ya ce mu nawa ne, Laminu ya ce biyu. Mun shiga Manfuha ana kiran magariba.

Lahadi takwas saura biyar ina ofishin Abu Nasir a Sulay. Na ajiye mabuɗin kan tebur.

"Ina Sanusi?"

"Bai zo ba."

Bai yi faɗa ba. Ya jira agogo ya cika takwas, don mutum ne mai cika magana, sannan ya ɗauki wayarsa ya danna sau uku, ya ce halas, shi ke nan an rubuta shi, in koma bakin aiki.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Laminu, wanda ya ba da hutunsa na mako ya ƙi karɓar ko riyal ɗaya, da mai facin nan na Ruwaida da ban san sunansa ba.

Da azahar na kira Hadiza. Ta ce na same shi? Na ce na same shi. Yana lafiya? Na ce lafiya lau, har shinkafa ya ba mu. Ta yi hamdala, sannan ta ce to yaushe zai dawo gida. Amsar da ta zo mini ita ce wadda na ba Sanusi a bakin mota: littafin bai faɗa ba. Na ce mata layin ba kyau, zan sake kira.