Keranar da ke Bayan Gidan Yaya Bitrus

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar yayana Bitrus, amma duk lokacin da na ji lasifikar 'yan siyasa ta ratsa Kafanchan, shi ne ke faɗo mini a rai.

Malami ne a wata kwalejin horon malamai da ke gefen gari, a shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula. Yaya akwai son a ce komai ya yi tsaf. Har tsokanarsa nake yi cewa ko tsintsiya sai ta ƙame in zai wuce. Shi ya sa da aka ce ɗan takarar shugaban ƙasa zai yi jawabi a kwalejin, shi aka damƙa wa shirin tarba.

Kafin nan da ɗan lokaci, jaririyarsu Ladi ta rasu. Aka binne ta a bayan gidansu na malamai, dab da filin ƙwallo. Kamar yadda mutanenmu ke yi wa jarirai, ba siminti, ba suna. Saratu, matarsa, ta dasa kerana a kan kabarin, irin wadda muke shinge da ita, don kada dabba ta tona.

Filin ƙwallon, inda za a yi taron, ya yi kaɗan, sai Yaya ya sa a kawo katafila ta faɗaɗa shi, shi kuma ya tafi Godogodo neman makaɗa. Bai ce a kiyaye keranar ba, don a wurinmu ko yaro ya san abin da kerana ɗaya tilo a bayan gida ke nufi. Direban baƙo ne. Shinge ya gani, ya share.

Yaya ya dawo ya tarar an kafa dandamali, garin ya cika. Yana tsakiyar jawabin maraba ya waiga, sai ya ga tagar kicin ɗinsu daidai bayansa, yadda ake hango ta daga kabarin. Ina cikin taron, na ga ya gane a wajen kabarin aka kafa dandamalin. Ya dai karanta har ƙarshe, aka tafa.

Da jama'a suka watse, Saratu ta tsaya a kan jar ƙasar da aka baje. "Baban Ladi," ta ce, "nuna mini inda yarinyan nan yake." Bai iya ba.

Ɗan takarar bai ci zaɓe ba, kuma ba na jin akwai mai tuna abin da ya faɗa. Da Yaya zai ga na yau da jerin motocinsu, na san ba zai kalli fuskokinsu ba. Ƙasar da suka taka zai duba, don haka ya koma yi har ya bar duniya.

Da damina ta sauka, gutsattsarin keranar da katafila ta watsar suka tsiro a wurare barkatai. Saratu ba ta san wacce ce ta 'yarta ba, sai ta riƙa yi musu noma duka. Yaya kuma ya hana a sare ko ɗaya. Abin da ya bari ke nan, kuma har yau yana ci mini rai.

Makon jiya na je kwalejin. Keranar duk sun girma, sun fi ni tsawo, ɗalibai na ta buga ƙwallo a gefensu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina tsayawa gaban kowacce ina cewa, "Ladi, gwaggonki ce."