Ranar da Hansai Ta Rufa wa Coci Asiri

Ranar Larabar nan rana ta fito a Landan tar, kamar ba ita ce ta ɓace makonni ba. Tun farkon wata ake yayyafi, irin na garin nan da ba ya jiƙa mutum lokaci ɗaya, sai dai ya bi shi a hankali har ƙashi. Amma da gari ya waye sai sama ta washe, titi ya bushe. Hajiya Hansai ta leƙa ta tagar flat ɗinsu a Abbey Wood ta ce lallai baƙuwar da suke jira mai goshi ce.

Ita Hansai mutuniyar Bichi ce. Ba ta taɓa nufin zaman Ingila ba. 'Yarta Badariyya likita ce a nan, da ta yi haihuwar fari sai ta aika a turo mata uwarta ta yi mata wankan jego. Hansai ta zo da akwati ɗaya da tandar masa naɗe cikin zane, da niyyar ta ɗan kwana biyu. Jaririn da ta zo dominsa yanzu ya fi ta tsawo. Maigidanta ya riga ya rasu, 'ya'ya sun watse, don haka babu mai kiranta gida da gaggawa. Sai dai zaman ya yi mata shiru da yawa. Badariyya da mijinta tun safe sun fita, jikoki kuwa in ta yi musu Hausa sai su mayar mata da Turanci.

A cikin bas ta gamu da Damaris. Hansai ta je Old Kent Road sayen daddawa da kuka, direba ya taka birki har ta kusa kifawa, sai ta fara zazzaga masa faɗa da Hausa, tunda ta tabbata babu mai ji.

“Sannu Bakanuwa,” in ji wata murya daga bayanta. “Ko a Landan ba a hutawa da mita?”

Hansai ta waiga ta ga wata dattijuwa da farin gilashi tana dariya. Daga jin harshen ta gane.

“Af, Bazazzagiya ce. Har nan kuka biyo mu?”

Damaris 'yar Wusasa ce, Kirista, tsohuwar nas da ta yi ritaya. Ita ke riƙe da makullan wani tsohon coci a wani lungu bayan babban titi, ginin dutse ne da ya yi baƙi saboda tsufa, ya girmi kakan kakan kowa a unguwar. Ran Lahadi masu ibada ba su cika benci huɗu. A jikinsa akwai ɗakin taro, inda ake ba tsofaffi shayi kowace Laraba. Can Damaris ta gayyace ta.

“Ni da na je Makka, me zai kai ni coci?”

“Ba cocin za ki shiga ba, Yaya Hansai, ɗakin shan shayi ne. Biskit ɗin kuma ba shi da addini.”

Ta je. Ta kurɓi shayin, ta ɗanɗana biskit ɗin, ta ce wannan ba abin da za a ba mutum mai furfura ba ne. Larabar da ta biyo baya ta zo da tandarta da ƙullun masa a bokitin roba. Daga nan labari ya bazu. Wani Malam Ahmad da ya bar tuƙin tasi ya fara zuwa, wasu mata biyu 'yan zangon Kumasi suka biyo shi, tsofaffin Turawan unguwa suka koyi cewa masa da yaji. In azahar ta yi, Damaris da kanta take matsar da kujeru a kusurwar da ke fuskantar alƙibla. A duk mako ranar ce kaɗai Hansai take hira har bakinta ya gaji.

To, ginin ne ya fara gazawa. Rufi yana yoyo a cikin cocin da ɗakin taron duka, an jera bokitai kamar ana layin famfo. Bango ya yi baƙi da danshi, katakon daɓe ya ruɓe kusa da ƙofa. Manyan coci suka ce in ba a sami abin gyara ba za a rufe, a sayar wa masu gina flat. Rabaran ɗin cocin, wani Bature mai sanyin magana, ya rubuta wa wata gidauniya da ke taimaka wa tsofaffin coci-coci da kuɗin gyara. Suka ce za su turo mace ta duba da idonta.

Damaris ta miƙa wa Hansai makulli ta ce, “Ran Laraba muna da babbar baƙuwa, zamanmu a nan a hannunta yake. Ni da Rabaran za mu je tasha mu taho da ita. Ki shirya wurin.”

Hansai ba ta buƙatar ƙarin bayani. Ta san yadda ake shirya wa baƙo wuri. A gidan da ta tashi, ko tukunya ba a ɗora ba baƙo ba zai gane ba, in tabarma ta yage a juya ɓangaren zuwa bango. Tun ran Talata ta tara mutanenta. Ranar ce ma ta fara sa ƙafa a cikin cocin kansa, ta yi bisimilla a ranta, ta ɗaga kai ta ga tabon ruwa ya sauko tun daga sama, ta ce wannan ai abin kunya ne.

Aka kwashe bokitai aka kulle a ɗakin tsintsiya. Matan Kumasi suka kawo atamfofi masu kyau aka rataya su a duk inda bango ya yi baƙi. Malam Ahmad ya ɗauko babbar dardumar falonsa aka shimfiɗa kan ruɓaɓɓen daɓen. Inda filasta ta zube aka tsayar da tukwanen fure. Da safiyar Laraba Hansai ta zagaye ko'ina da turaren wuta na Maiduguri, har warin danshin nan da ya shekara yana tarbar mutane a ƙofa ya ɓace.

“Hajiya, anya ba mu yi yawa ba?” Malam Ahmad ya tambaya.

“Malam, ka taɓa jin an yi yawa wajen rufin asiri?”

Baƙuwar ta iso da hantsi, doguwar Baturiya da takalmin aiki, da tocila a hannu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta shaƙi ƙamshi, ta dubi atamfofi, rana tana shigowa ta tagogi masu launi. Ta yi murmushi ta ce wa Rabaran ai wurin ya fi yadda ya kwatanta a wasiƙarsa kyau nesa ba kusa ba. Rabaran ya yi ja har kunne, yana waige-waigen bokitansa.

Sai baƙuwar ta juyo wajen Hansai, ta nemi Damaris ta tambayar mata ko suna shan wahalar sanyi da yoyo a nan.

“Lafiya lau,” in ji Hansai. “Babu komai, sai godiyar Allah.”

Damaris ba ta fassara ba. Ta ce wa baƙuwar excuse me, ta ja Hansai gefe.

“Yaya Hansai, kin kashe mu.”

“Da na yi me? Ki dubi wurin nan, ko amarya za a iya kawowa.”

“Ina bokitai?”

“Bokitan yoyo? A gaban baƙuwa? Ke Bazazzagiya, ina kika bar tarbiyyarki?”

“Yoyon ta zo gani. Akwai coci-coci da yawa da suka yi applying na neman kuɗin gyara, wanda ya fi jin jiki shi za a ba. In ta koma ta ce muna lafiya lau, shi ke nan, baɗi war haka wani yaro ne zai sa gadonsa a inda kike toya masa.”

Hansai ta waiga. Ta dubi kusurwar da suke salla, ta dubi tandarta a kan risho.

“Wato in kama hannun baƙuwa in nuna mata tsiraicin gida.”

“In kin je ganin likita, ɓoye ciwon kike yi?”

“Ɓoyewa nake yi mana. Tambayi Badariyya.”

Damaris ta so ta yi dariya, amma ba ta da sukuni. Hansai ta gyara mayafi ta ce to, za ta yi, amma da sharaɗi: sai baƙuwa ta ci abinci tukuna, ba a nuna wa mutum abin takaici da yunwa a cikinsa. Aka zaunar da Baturiya, aka ajiye mata masa da zafinta. Ta ci, yaji ya sa ta hawaye, ta ƙara ɗauka.

Sannan Hansai ta miƙe. Ta kama atamfar farko, ta tsaya kamar wadda za ta cire ƙaya daga ƙafarta, ta ja. Bango ya fito baƙi ƙirin, har da ɗan koren gansakuka. Baƙuwar ta ajiye masa ta kunna tocila. Aka naɗe dardumar Malam Ahmad, Baturiya ta taka katakon da dunduniya ya lotsa. Aka buɗe ɗakin tsintsiya bokitai suka gangaro. Ita kuwa Hansai, da bakin ya buɗe sai ya ƙi rufuwa. Ta faɗi ranar da ruwa ya ɗiga cikin ƙullunta, da sanyin da ya kwantar da ɗaya daga cikin matan Kumasi, da yadda suke salla da safa biyu-biyu. Daga nan ta zarce kan butar shayi da ba ta tafasa da wuri, da bas ɗin da ake yawan soke tafiyarsa, da shayin Rabaran.

“Wannan ba zan fassara ba,” in ji Damaris.

“Ki fassara, ke kika ce a faɗi ciwo.”

Baƙuwar ta tambayi dalilin rufe bangon. Damaris ta yi mata bayani, ta kuma gaya mata cewa matar nan Musulma ce, ba ta taɓa shiga cocin ba sai jiya. Baturiyar ta daɗe tana kallon Hansai, sannan ta roƙi a bar ta ta ɗauki hoton bangon sau biyu, da atamfa da kuma babu. Hansai ta yarda, amma ta ƙi shiga hoton da babu atamfa.

Amsa ba ta zo ba sai da sanyi ya wuce. Gidauniyar ta ɗauki nauyin rufi, ta ce bango da daɓe a nemi wani wurin. Hakan ya isa manyan coci su janye maganar sayarwa. Watannin da ma'aikata suke sama, a falon Damaris aka riƙa yin Laraba, a cushe, maƙwabta suna ƙorafin hayaƙin mai.

Yanzu rufin ya daina yoyo, bangon kuwa yana nan da tabonsa ana jiran wata gidauniyar. Hansai tana nan Abbey Wood wajen 'yarta, gwiwa ta fara damunta, Malam Ahmad ne yake ɗauko ta a mota. Kowace Laraba tana ɗakin taron tana toya masa.